Matsalolin birki a motocin a-kori-kura

A-kori-kura ita ce motar da ke da gidan direba a gaba da buɗaɗɗen bodi na ɗaukar kaya a baya, irin su Toyota Hilux, Mitsubishi L200, Isuzu D-Max da Nissan Navara, da kuma manyan na Amurka kamar Ford F-150 da Chevrolet Silverado. Koke-koken da masu waɗannan motoci suka fi yi game da birki ba su da yawa: karkarwa idan an taka, feda ta yi laushi ko ta nutse, feda ta ƙage kamar dutse, birki ya daina ci a gangara, mota ta riƙa jan gefe guda, sai kuma ƙara. Wasu daga cikinsu lahani ne tun daga masana'anta, har ta kai ga janye miliyoyin motoci. Mafi yawa kuwa daga lodi ne, da zafi, da gyaran da ba a yi shi bisa ƙa'ida ba. Kowace alama tana nuna ɓangaren da ya samu matsala, in dai an san yadda ake karanta ta.

Abin da ya bambanta birkinta

Birki yana kashe gudu ne ta hanyar mayar da shi zafi. Motar da ta kai ton 3 da kayanta, tana gudun kilomita 100 a awa, idan aka tsayar da ita sau ɗaya, zafin da ke shiga birkinta ya isa ya kai kusan lita uku da rabi na ruwan sanyi ga tafasa. Idan nauyi ya ninka, zafin ya ninka. Idan gudu ne ya ninka, zafin ya ruɓanya sau huɗu.

Hilux ba kaya tana kusan ton 2, kuma an ƙera ta ta ɗauki kimanin ton 1. Wannan ya sa nauyin da ke kan tayoyinta na baya yake canjawa ƙwarai tsakanin tafiya da dawowa. Ba lodi, bayan ya yi sakayau, birki kaɗan sai tayoyin baya su ƙulle, motar ta juya. Da lodi kuwa, bayan yana bukatar ƙarfi sosai. Tsofaffin motoci suna warware wannan da wani bawul mai auna lodi, wanda ke maƙale a ƙarƙashin bodi, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da akzil na baya. Duk lokacin da kaya suka danne motar, ƙarfen ya buɗe bawul, mai ya ƙara zuwa baya. Sababbi kuma na'urar ABS, mai hana tayoyi ƙullewa idan an taka birki, ita ce ke yin wannan rabon.

A nan ne kuskuren da ya zama ruwan dare yake aukuwa. Mai mota yakan ƙara sifirin a baya don ta ɗauki buhuna fiye da ƙa'ida. Bodi ya ɗaga sama, ba ya ƙara nutsewa yadda ya saba, bawul kuma ya ɗauka motar ba kaya a kanta ko da an cika ta maƙil. Sai birkin gaba ya ɗauki aikin duka, fad, wato abin da ke matse faifan taya idan an taka birki, ya riƙa ƙarewa cikin 'yan watanni, na baya kuwa yana nan kamar sabo. Duk wanda ya taɓa sifirin ɗin baya, wajibi ne a sake saita wannan bawul.

Karkarwa

Tana cikin koke-koken da aka fi ji. Idan a sitiyari ake jin ta, faifan gaba ne, wanda makanikai ke kira dis. Idan a kujera ko a bodi ne, a duba baya. Akan ce faifan ya lanƙwashe, amma sau da yawa ba lanƙwasa ba ce: kaurinsa ne ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Bambancin da bai wuce milimita 0.03 ba, wanda ido ba ya gani, ya isa ƙafa ta ji shi.

Abu uku ke jawo haka. Na farko, a ɗora sabon faifai a kan hob, wato mazaunin da ake ɗaura taya a kai, mai tsatsa ko yashi ba a goge ba, sai ya zauna a karkace. Na biyu, ɗaure notin taya da ƙarfin tsiya, wani ma har da hawa kan sifana da ƙafa. Notin Hilux ana ɗaure shi kusan Nm 105 ne, na F-150 ƙirar 2015 zuwa 2020 kuwa Nm 204, kuma a tsallake-tsallake ake ɗaurewa, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, ba a jere ba. Na uku, a tsaya cak da birki mai tsananin zafi a ci gaba da danne feda, sai fad ya bar tambarinsa a jikin faifan.

Kowane faifai yana da mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, an buga shi a jikinsa. Ana iya kai shi a karce a inji muddin bayan karcewar bai sauka ƙasa da wannan lamba ba. In ya sauka, sai sabo, kuma biyu-biyu ake canjawa, hagu da dama tare. Bayan an sa sabon fad, a yi masa sabo da faifai: a kai gudun kilomita 60, a taka a sauko zuwa 10 ba tare da tsayawa ba, sau takwas zuwa goma, sannan a yi tafiyar 'yan mintuna ba taka birki ya huce.

Feda mai laushi, da mai nutsewa

Ya kamata a bambance su, domin ba ciwo ɗaya ba ne. Fedar da ke da laushi kamar soso, amma in an bubbuga ta sau biyu ko uku ta yi ƙarfi, iska ce a cikin bututu, ko kuma layinin baya, wato abin da ke gogar cikin gangar birki, ya yi nisa da gangarsa. Yawancin a-kori-kurar da ke yawo a Afirka da Asiya birkin ganga ne a bayansu, kuma abin da ke matso da layinin da kansa yakan ƙage saboda ƙura da laka. Alamarsa ita ce birkin hannu ya riƙa hawa can sama kafin ya kama.

Fedar da aka danne da matsakaicin ƙarfi aka riƙe, ta ci gaba da sauka a hankali har ƙasa, wannan ta fi haɗari. Ko mai yana yoyo a waje, ko robobin cikin masta, wato famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa tayoyi, sun mutu. Idan an duba bayan tayoyi huɗu da bututai ba a ga jiƙewa ba, amma man da ke cikin kofin man birki yana raguwa, to yana zubewa ne ta bayan masta zuwa cikin busta, tukunyar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi, inda ido ba ya kaiwa. Irin wannan mota ba ta tuƙuwa sai an gyara.

Man birki yana shan danshin iska, kuma danshin yana rage zafin da yake iya jurewa. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, mizaninsa ya sauko 140. Na DOT 4 kuwa 230 ne da 155. Shi ya sa ake canja shi duk bayan shekara biyu, ko da motar ba ta yi tafiya mai yawa ba. DOT 3 da 4 da 5.1 suna iya cuɗanya, amma DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da su. Baƙin mai ko man sitiyari idan ya shiga kofin, duk robobin da ke cikin tsarin sai sun kumbura. Ruwan sabulun da wasu ke zubawa idan mai ya ƙare a hanya yana tafasa tun a digiri 100, yana kuma sa fistin tsatsa.

Wajen fitar da iska, ƙa'idar da aka saba ita ce a fara da tayar da ta fi nisa da masta a ƙare da ta kusa, sai dai in littafin motar ya faɗi wani tsari. Bawul mai auna lodi shi ma yana da notinsa na fitar da iska, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Kada a bar kofi ya ƙafe ana cikin aiki, in ba haka ba sai an sake daga farko.

Feda mai tauri

Busta ita ce baƙar tukunyar da ke bayan masta, tana ƙara wa ƙafa ƙarfi ta hanyar zuƙar iska. Injin dizal ba ya samar da wannan zuƙa da kansa, sai da famfo na musamman. A tsofaffin injinan dizal da yawa famfon yana haɗe da altaneta, don haka fambel na tsinkewa, taku biyu ko uku birki ya ƙage. Gwajin bai da wuya: a kashe inji, a taka feda sau biyar, a danne a riƙe, sannan a tayar. Idan feda ta ɗan sauka, busta na aiki. Idan ba ta motsa ba, a duba tiyo da ɗan bawul ɗinsa da famfon kafin a yanke wa bustar hukunci.

Gangara

Abin da direbobi ke kira shanyewar birki iri biyu ne. Idan fad ne ya yi zafi fiye da kima, feda tana nan da ƙarfinta, motar ce ba ta tsayawa, ga warin ƙauri. Idan mai ne ya tafasa, feda sai ta tafi ƙasa fanko. Bayan rabin awa birkin yakan dawo kamar ba a yi ba, abin da ke sa mai mota ya ɗauka aljanun hanya ne ko tsautsayi, alhali man ya riga ya lalace, sai an canja shi. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, a kan hanyar Jos zuwa Akwanga, giyar da za ta hau da motar ita ce za ta sauko da ita. A taka da ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi a saki, ba a ɗora ƙafa a bar ta ba. Sakin giya don tsimin mai yana raba direba da taimakon inji, kashe inji kuwa yana raba shi har da na busta.

Jan gefe da ƙara

Motar da ke jan hagu idan an taka, galibi birkin dama ne ba ya ci: ƙusoshin da kalifa, wato gidan da ke riƙe da fad, ke zamewa a kai sun bushe, ko fistin ya ƙage. Bayan tafiyar kilomita goma, a kai hannu kusa da kowace taya ba tare da taɓawa ba. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta ne ba ya saki, kuma wani lokaci tiyon roba ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya shiga ba ya barin ya koma. A baya kuma, man akzil yakan ɓalle ya jiƙa layinin. Wanda ya sha mai ba ya wankuwa, canja shi ake yi tare da robar da ta yi yoyon.

Siririyar ƙara sau da yawa ɗan ƙarfen gargaɗi ne ke karzar faifai. Sabon fad yana da kaurin milimita 10 zuwa 12, a canja shi in ya sauko 3. Gurnani kuwa yana nufin ƙarfe ya riga ya hau ƙarfe.

Lahanin masana'anta

A Amurka hukumar kiyaye haɗurran mota a tituna, NHTSA, tana tattara koken masu motoci, kuma idan iri ɗaya ya yawaita takan buɗe bincike. A 2016 kamfanin Ford ya janye F-150 kusan 271,000 ƙirar 2013 da 2014 masu injin EcoBoost lita 3.5, saboda mai yana zubewa daga masta zuwa busta, birkin gaba ya raunana. A 2020 ya faɗaɗa janyewar zuwa ƙirar 2014 zuwa 2017. A Satumbar 2019 General Motors ya janye motoci kimanin miliyan 3.4, ciki har da Silverado da Sierra ƙirar 2014 zuwa 2018, domin famfon zuƙar iskarsu yana rauni da tsufa, feda ta yi tauri musamman a ƙaramin gudu. A 2023 kuma Ford ya janye F-150 kusan 870,000 ƙirar 2021 zuwa 2023, saboda wayoyi suna gogar akzil na baya, birkin ajiya na lantarki ya iya kamawa ana cikin tafiya.

Ba kowane bincike ne ke ƙarewa da janyewa ba. Na ruɓewar bututan birki a motocin General Motors ƙirar 1999 zuwa 2003 an rufe shi a 2015, hukumar ta danganta abin da gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara, ta shawarci mutane su riƙa wanke ƙarƙashin mota. Wannan ya shafi duk mai sayen tsohuwar motar Amurka a Kano ko Yamai, domin motar tana zuwa da tsatsarta, takardar janyewa kuwa ba ta biyo ta. Irin wannan mota tana da lambar shaida da ake kira VIN, mai haruffa da alƙaluma 17, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma sanya ta a shafin NHTSA na intanet yana nuna ko akwai gyaran da ba a yi mata ba. Bututan ƙarfe kuma a bi su da tocila, tun daga masta har baya, musamman saman tankin mai da wuraren da aka maƙale su da jikin shasi, inda laka ke kwanciya. Wanda ya yi ɓawon tsatsa ko ya jiƙe, a canja shi gaba ɗayansa, ba a toshe shi ko a yi masa faci da tiyo ba.