Wa'azin bishara a Kebbi a yau: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa Kirista ba sa barin addininsu ya tsaya a cikin coci?

Domin umarni ne. A ƙarshen Linjilar Matiyu, sura 28, Yesu Almasihu ya ce wa almajiransa su je su almajirtar da dukan al'ummai. Mai bi na gaske yana ɗaukar labarin mutuwar Yesu da tashinsa a matsayin alherin da ba a ɓoyewa. Sai dai Littafi Mai Tsarkin nan ne kuma, a wasiƙar Bitrus ta fari, ya ce a ba da amsa cikin tawali'u da girmamawa. Duk mai bisharar da ya riƙe umarnin farko ya yar da na biyu, ɓarna yake yi.

Ta yaya aikin ya shigo ƙasar Kebbi?

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Saboda haka aka daɗe ana hana 'yan mishan kafa tasha a garuruwan Musulmi irin su Gwandu da Argungu. Sai suka nufi kudu, wajen Dakarkari da Kambari da Dukkawa da Fakkawa masu bin addinin gargajiya. A shekarun 1920 mishan ɗin da ya haifi cocin UMCA (United Missionary Church of Africa) ya zauna a Zuru, kuma har gobe cocin nan na da ƙarfi a yankin. Cocin ECWA (Evangelical Church Winning All) kuwa daga mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ta fito, ta tsaya da ƙafarta a 1954. Katolika na Zuru da Yawuri suna ƙarƙashin bishop na Kontagora, na Birnin Kebbi kuma suna ƙarƙashin na Sakkwato, inda Bishop Matthew Hassan Kukah yake tun 2011.

Abin da ya fi duka tasiri shi ne fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Daga nan Hausa ta zama harshen sujada da waƙa. Badakkare da Bakambare da ba sa jin yaren juna, sai ga su a benci ɗaya suna karanta aya ɗaya.

Su wa ke yin aikin yanzu?

'Yan ƙasa. Turawan sun daɗe da tafiya. Akwai masu bishara da ake turawa ƙauyuka, kamar na EMS, reshen ECWA mai kula da wannan fanni. Yawancinsu da noma suke riƙe iyali, don abin da ake ba su ba ya kai wata. Akwai matasa masu fita bishara da rani, bayan an gama girbi, lokacin da hanya ta bushe kuma mutane ke gida. Wayar hannu ma ta shigo: wa'azi da waƙoƙi na yawo a WhatsApp da Facebook, har wanda bai iya karatu ba yana sauraron Sabon Alkawari a gona.

Amma in ana batun waɗanda suka fi ɗaukar nauyin, ni zumuntar mata, wato ƙungiyar matan coci, zan nuna. Su ne a gidan haihuwa, su ne a gidan makoki, su ne a gefen gadon asibiti da kwanon kunu. Ƙofar da fasto zai yi sallama a tsaya ana shawara, su kai-tsaye suke shiga.

Doka ta yarda a yi wa'azi a jihar da ke da shari'ar Musulunci?

Ta yarda. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin bin addininsa, da yaɗa shi, da sauya shi in ya ga dama. Sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Shari'ar da Zamfara ta fara ƙaddamarwa a 1999, Kebbi da wasu jihohi suka biyo baya, Musulmi ta shafa. A aikace dai, shugabannin coci sun daɗe suna kukan wahalar samun fili da takardar gini a wasu garuruwa, kuma kukan nasu abin dubawa ne. A ɗaya gefen, 'yanci ba lasisin tsokana ba ne. Wa'azin da za a kafa wa lasifika a Zuru ba a ji komai ba, mai hankali ba zai kai shi bakin kasuwar Jega haka nan ba.

Makaranta da asibiti da rijiya da coci ke ginawa, ba tarko ba ne?

Musulmi da yawa suna wannan tambaya, kuma bai kamata a share ta ba. Tarihi ya nuna mishan ya haɗa wa'azi da magani da boko, kuma ilimin da ƙasar Zuru ta yi fice da shi yana da nasaba da makarantun nan. Inda matsalar take shi ne sharaɗi. In aka ce wa mayunwaci sai ya shiga aji na baftisma kafin a ba shi buhun masara, wannan ciniki ne, ba bishara ba, kuma ranar da masarar ta ƙare zai kama gabansa. Rijiyar coci kowa ya ja ruwa. Ma'aikacin ɗakin shan magani ya duba Amina kamar yadda zai duba Rifkatu. In an tambaye shi dalilin kirkinsa, to, ya faɗa ba tare da kwana-kwana ba.

Rashin tsaro fa?

Ya sauya abubuwa da yawa. Ƙauyuka a Danko-Wasagu da Sakaba sun sha hare-haren 'yan bindiga, wasu sun watse, coci da masallaci duka a rufe. Sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 ya girgiza kowa. Nuna majigi da dare a filin ƙauye, wanda a da ke tara jama'a, ya ragu ƙwarai. Yanzu babban aikin ikilisiya a garuruwa irin su Zuru da Ribah shi ne karɓar waɗanda suka gudo: wurin kwana, abinci, kuɗin makarantar marayu, da zama da gwauruwar da aka kashe mata miji har ta iya magana.

Shin bishara ba ta raba dangi?

Takan raba, ba za a musa ba. Akwai wanda ya sauya addini ya rasa gado da mata da gaisuwar uwa, kuma cocin da ya yi masa baftisma ya bar shi a titi ya ci amanarsa. Amma a ƙasar Zuru ba baƙon abu ba ne ka tarar da wa Musulmi, ƙane Kirista, kaka kuma tana kan gargajiya. Ana kai wa juna naman Sallah da shinkafar Kirsimeti, ana haɗuwa a bikin Uhola, bikin gargajiya na Dakarkari. Mai bisharar da zai je irin wannan gida sai ya fara gaida dattijo, ya nemi izini, ya faɗi abin da ya kawo shi ba tare da aibata Annabin kowa ko kakannin kowa ba. In aka ce masa a'a, ya yi godiya ya tashi, kuma in an yi musu rasuwa gobe ya zo gaisuwa.