Waiwaye: yadda tsagar walda ɗaya ta sauya tsarin gina dandamalin haƙar mai a teku

A shekarar 1947 ne kamfanin Kerr-McGee ya kafa dandamalin haƙar mai a gaɓar jihar Louisiana ta Amurka, can inda ido ba ya hango tudu. Zurfin ruwan wurin bai wuce mita 6 ba. A lokacin tunanin injiniyoyi bai wuce na mai gina gada ba: a kafa ginshiƙai masu kauri, a ɗora bene sama da inda igiyar ruwa take kaiwa, shi ke nan.

Tekun Arewa, wanda ke tsakanin Birtaniya da Norway, ya nuna musu cewa da sauran rina a kaba. Ran 27 ga Disamba 1965 ƙafafu biyu na dandamalin Sea Gem suka karye, mutum 13 suka mutu. Sai a 1971 Birtaniya ta yi dokar musamman a kan irin waɗannan gine-gine.

Amma hatsarin da ya girgiza wannan fanni shi ne na Alexander L. Kielland, wani dandamali mai iyo a kan ƙafafu biyar, da aka mayar masaukin ma'aikata a filin mai na Ekofisk a ruwan Norway. Da yammacin 27 ga Maris 1980, ana iska mai ƙarfi, wasu na cin abinci wasu na kallon fim, sai aka ji ƙara. Ƙafa ɗaya ta ɓalle. Dandamalin ya karkata, igiyar anga guda ta riƙe shi na kusan minti 20, sannan ta tsinke ya kife. Cikin mutum 212, an rasa 123. Yawancin jiragen ceto ba su yi amfani ba, domin ƙugiyar da ke riƙe da su ba ta sakin jirgi muddin nauyinsa na rataye a kanta.

Abin da masu bincike suka gano zai ba duk mai walda tsoro. An huda ɗaya daga cikin bututun ƙarfen da ke tokare ƙafar, aka liƙa wata 'yar na'urar sauraron sauti a ƙarƙashin ruwa da waldar da kaurinta bai wuce milimita 6 ba. Ba wanda ya ɗauki wurin a bakin komai, tunda ba shi ke ɗauke da nauyi ba. Daga nan tsagar ta fara. An ma tarar da fenti a cikinta, shaidar cewa tun a masana'antar Faransa, inda aka kammala ginin a 1976, tsagar take nan. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ta katse ba tare da ka ja ta da ƙarfi ba. Haka igiyar ruwa take yi wa ƙarfe dare da rana, abin da ake kira gajiyar ƙarfe. Da wannan bututu ya katse, sauran biyar suka kasa ɗaukar nauyin, suka bi shi.

A ganina a nan ne tunani ya juya. Da ana tambaya ko ginin zai jure guguwa mafi muni. Bayan Kielland, Norway ta ƙara wata tambayar: idan sashe ɗaya ya karye, sauran za su tsaya har mutane su tsira? Duba walda lokaci-lokaci ma ya zama dole, har wadda ke ƙarƙashin ruwa.

Kwamfuta ba ta kawo ƙarshen kuskure ba. A watan Agustan 1991 gindin kankare na dandamalin Sleipner A ya nutse kusa da birnin Stavanger na Norway ana cikin gwada shi, saboda lissafin kwamfuta ya raina ƙarfin da zai matsa wa wani bango da kusan rabi. Ba a rasa rai ba, amma faɗuwarsa sai da na'urorin auna girgizar ƙasa suka ji ta. Ran 1 ga Janairu 1995 kuma aka auna igiyar ruwa mai tsayin kusan mita 26 a dandamalin Draupner da ke Tekun Arewa, irin wadda a da ake ɗauka labarin matuƙa jirgi ne kawai.

Najeriya ta fara haƙo mai a teku a 1965, a filin Okan. Yau man da take taƙama da shi yana ƙara nisa da tudu. Filin Bonga, da ya fara aiki a 2005, yana da nisan kilomita 120 daga gaɓa, a ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000. A can ba maganar kafa ƙafafu. Ƙaton jirgi ne aka ɗaure da sarƙoƙi, yana tara mai yana adanawa. Ruwanmu ba shi da guguwa irin ta Tekun Arewa, sai dai dogayen igiyoyin da ke tasowa daga kudancin Atlantika ba sa hutawa, kuma su ne ke ta jijjiga waɗannan sarƙoƙi shekara da shekaru.