Nauyin caja ba shi ne ingancinta ba

Har yanzu mutane da yawa suna auna caja a tafin hannu, su ce mara nauyi jabu ce. Wannan fahimta ta samo asali daga tsofaffin adafta, masu babbar taransifoma ta ƙarfe da tagulla, saboda wutar gida sau 50 kacal take juyawa a daƙiƙa. Cajar zamani kuwa tana da taransista, wato ɗan ƙaramin makunnin lantarki mai kunna wuta da kashe ta sau dubbai a daƙiƙa, kuma gwargwadon wannan sauri, gwargwadon ƙanƙantar taransifomar da ake buƙata. Daga tsawon lokacin da taransistan yake kunne a kowane zagaye injiniyoyi suke lissafa yadda za a samu volt 5, wato ƙarfin wutar da aka saba cajin waya da shi. Abin takaici, wasu masu haɗa jabu suna cusa guntun ƙarfe a ciki domin ta yi nauyi.