Ikweshan miƙaƙƙen layi daga ɗigo ɗaya da gangara: tambayoyi da amsoshi

Mene ne wannan tsarin?

y − y₁ = m(x − x₁). Harafin m shi ne gangarar layin, wato yawan hawa ko saukar y duk lokacin da x ya ƙaru da ɗaya, (x₁, y₁) kuma ɗigo ne da layin ya bi ta kansa. Shi ke nan.

Me ya sa nake kuskure duk lokacin da ɗigon ya zo da mainos?

Gaggawa ce, ba wani abu ba. Na faɗa na sake faɗa: mainos ɗin da ke cikin tsarin daban, wanda ke jikin lambar daban. In ɗigon (−2, 5) ne, gangara kuma 4, fara rubuta y − 5 = 4(x − (−2)), sannan ka mayar da shi y − 5 = 4(x + 2). Masu tsallake layin farko su ne ke rubuta x − 2, su zubar da maki a banza.

Dole sai na haddace shi?

Haddace, amma ka san tushensa, wato yadda ake neman gangara tsakanin ɗigo biyu. m = (y − y₁)/(x − x₁). Ninka ɓangarorin biyu da (x − x₁), tsarin ya fito.

An ba ni ɗigo biyu, na yi aikin, amsata ta saɓa da ta littafi. Na faɗi ke nan?

Ba lallai ba ne, kwantar da hankalinka. Ɗauki (1, 2) da (3, 8). Gangara ita ce (8 − 2)/(3 − 1), wato 3. Wanda ya zaɓi ɗigo na farko zai samu y − 2 = 3(x − 1), wanda ya zaɓi na biyu kuma y − 8 = 3(x − 3). A ido sun bambanta, amma in ka warware kowanne, y = 3x − 1 zai ba ka. Layi ɗaya ne.

Sai dai kada ka ɗauki wannan a matsayin lasisi. Mai yiwuwa bambancin daga zaɓin ɗigo ne, mai yiwuwa kuma wajen neman gangara ka ɗebe y daga na biyu zuwa na farko, ka ɗebe x a juye, sai ka samu −3. Wannan kam kuskure ne na gaske. Sannan ka duba abin da tambayar ta nema: in ta ce a bar amsa a tsarin y = mx + c (c ita ce ƙimar y a inda x yake sifili), tsayawa rabin hanya na iya jawo maka ragin maki, ya danganta da mai dubawa. Ni abin da nake so ka saba da shi: ɗauki ɗigon da ba ka yi amfani da shi ba, ka sa shi cikin amsarka. A misalinmu, 8 − 2 = 6, kuma 3(3 − 1) = 6. Sun yi daidai.

In gangara sifili ce fa?

Layin a kwance yake: y = y₁.

Na samu sifili a ƙasa wajen neman gangara.

Kada ka rubuta m = 0, don Allah. Ba a raba lamba da sifili. Layin a tsaye yake, wannan tsarin ba ya aiki a kansa. In ɗigon (4, 1) da (4, 7) ne, amsa x = 4.