Ma'anar "silais" a wasan golf

Duk wanda ya fara koyon wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, da wuya ya yi mako guda a fili bai ji ana ambaton silais ba, kuma yawanci a kan nasa bugun ake ambatonsa. Kalmar daga Turanci take, ma'anarta ta asali ita ce yanka, amma a bakin 'yan wasa tana nufin bugun da ƙwallo zai tashi kamar ya nufi inda aka sa shi, ko ma ya ɗan yi hagu, sannan yana tsakiyar tafiya ya bauɗe dama ya faɗa cikin doguwar ciyawa ko tsakanin bishiyoyi. Wannan ga mai bugu da dama ke nan, domin na bahago hagu yake bauɗewa. Kishiyarsa shi ne huk, wato ƙwallon da ya lanƙwasa hagu fiye da kima.

Sanda da ƙwallo ba sa daɗewa a haɗe, domin haɗuwar tasu ba ta wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma a wannan ɗan lokacin abubuwa biyu ne ke yanke hukunci: inda fuskar sanda take kallo, da hanyar da kan sandar yake bi. Idan kan sanda ya ratsa ƙwallo daga waje zuwa ciki, wato ya nufi hagu, alhali fuskar tana kallon dama da wannan hanyar, to an goge ƙwallon ne a karkace maimakon a doke shi gaba da gaba. Kowane ƙwallon golf da ya tashi sama yana juyawa baya-baya, kuma juyin ne ke riƙe shi a iska. Idan bugun ya zo a karkace sai juyin ma ya karkata, ƙwallon ya bi shi kamar yadda jirgin sama yake bin ɓangaren da ya kwantar da fiffikensa. Masanin kimiyyar nan Bajamushe Heinrich Gustav Magnus ya bayyana tasirin juyi a kan abin da ke tafiya cikin iska a 1852, shi kuma Peter Guthrie Tait na Jami'ar Edinbura ya nazarce shi a kan ƙwallon golf ɗin kansa a shekarun 1890.

An daɗe ana koyar da cewa ƙwallo yana fara tashi ne ta hanyar da sanda ta bi. Na'urorin rada masu auna bugu, irin na kamfanin TrackMan da aka kafa a Denmak a 2003, sun nuna cewa fuskar sanda ce ke da rinjaye, har kusan kashi 85 cikin 100 idan da direba aka buga. Direba, wato sandar da ta fi kowace tsawo cikin sanduna 14 da doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauka, ita ce ta fi tona asirin mai silais, saboda kwanciyar fuskarta yawanci digiri 9 zuwa 12 ce kawai, don haka ɗan kuskure kaɗan ya isa ya karkatar da juyin sosai. Mutumin da ke buga gajerun sanduna lafiya lau sai ya ɗauka direbarsa ce ba ta da kyau, alhali kuskuren yana nan a duk bugunsa, gajerun sandunan ne suke rufa masa asiri.

Abin da ya sa matsalar take daɗewa tare da mutum shi ne maganin da hankalinsa yake fara ba shi. Ya ga ƙwallo na tafiya dama, sai ya juya ƙafafu da kafaɗu ya fuskanci hagu, ya kuma ƙara ƙarfi. Juya kafaɗun nan yana sa sanda ta ƙara ratsowa daga waje, tazarar da ke tsakanin fuska da hanya ta ƙaru, ƙwallon ya bauɗe fiye da da. Garin neman gira ke nan a rasa ido. A ganina gyara ya kamata ya fara daga riƙo, domin hannu ne ke juya fuska: idan mai bugu da dama ya kama sanda ya dubi hannunsa na hagu, ya kamata ya ga gaɓoɓin yatsu biyu ko uku a bayan hannun, kuma tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta nuna kafaɗar dama. Sau da yawa wanda ya gyara wannan sai ƙwallonsa ya fara tafiya hagu kai tsaye, abin da ke tayar wa mutane hankali, amma alama ce cewa fuska ta daidaita, saura hanya.

A filin atisaye kuwa, za ka ga mutum ya karɓi bokitin ƙwallaye ya zazzage, yana jawo ɗaya bayan ɗaya da direba, na farko bai sauka ba ya ɗora na biyu. Wannan ba ya koya wa jiki komai sai maimaita kuskuren da ya saba. Ya fi amfani a shimfiɗa sanda ɗaya a ƙasa tana nuna inda aka nufa don ƙafafu da kafaɗu su bi ta, a ajiye hular da ake rufe kan sandar direba da ita ɗan nesa kaɗan da ƙwallo ta waje, yadda duk bugun da ya ratso daga waje zai taɓa ta, sannan a fara da rabin kaɗawa a hankali da matsakaiciyar sanda. Ɗan fesa hoda a fuskar direba yana nuna inda ƙwallo ya taɓa. Idan tambarin yana can kusa da gindin sanda, wato gefen fuskar da ya fi kusa da ɗan wasa, shi kaɗai ma yana iya tura ƙwallo dama. Ɗaukar bidiyo da waya daga bayan ɗan wasa yana da nasa amfanin, domin abin da mutum ke ji a jikinsa ba lalle ne ya zama abin da yake yi ba.

Kada a haɗa silais da fed. Shi fed ɗan karkata dama ne da aka yi da gangan, ƙwallon ya fara ta hagu kaɗan ya dawo ya sauka inda aka nufa, kuma da shi aka san Jack Nicklaus, wanda ya lashe manyan gasa 18. Dalilin da ke haifar da su ɗaya ne, sai dai a fed tazarar fuska da hanya 'yar kaɗan ce, ɗan wasa ne kuma ya zaɓe ta tun kafin ya ɗaga sanda.