Me ake nufi da Episkofal?

Masu bin labaran Amurka sun ji wannan kalma a Janairun 2025, ranar da Bishop Mariann Budde ta tsaya a babban cocin Washington ta roƙi Shugaba Trump ya tausaya wa baƙin haure. An ce ita 'yar cocin Episkofal ce.

Kalmar daga Girkanci ta fito, episkopos, wato mai sa ido, kuma daga nan ne aka samo "bishop". Cocin Episkofal ke nan coci mai bishop-bishop a samansa. A Amurka kuwa sunan 'yan Angilikan ne. Da ƙasar ta ɓalle daga Ingila, limaman cocin ba za su iya rantsuwar biyayya ga sarkin da aka yaƙa ba, alhali a lokacin sai da ita ake naɗa bishop a Ingila, sai wani limami mai suna Samuel Seabury ya tafi Aberdeen ta Sikotland aka naɗa shi bishop a 1784, cocin ya tsara kansa a 1789. Dangi ne da Cocin Angilikan na Najeriya, ko da yake zumuncin ya yi tsami tun 2003.

Ikon bishop ya fi fitowa fili idan aka dubi limamin ikilisiya, wanda suke kira rekta. Dattawan ikilisiya ne ke zaɓen sa, su biya shi albashi, a ƙarni na 19 sau da yawa daga kuɗin hayar kujerun coci. Amma babu mai zama firist, wato cikakken limamin coci, sai bishop ya ɗora masa hannu.

Alexander Crummell ya ɗanɗana wannan. Baƙar fata ne, haifaffen New York a 1819. Babbar makarantar horar da limamai ta cocin ta ƙi karɓar sa saboda launinsa, da goyon bayan bishop ɗin garin. Sai a 1844 wani bishop ya naɗa shi firist. Ya je Jami'ar Cambridge a Ingila ya yi digiri a 1853, ya shafe kusan shekara ashirin yana wa'azi da koyarwa a Laberiya. A ganina aikin da ya fi wahala shi ne wanda ya yi bayan ya koma gida: ya kafa ikilisiyar St. Luke a Washington domin baƙaƙen fata, ya nemi kuɗin gina ta, ya riƙe ta har ya yi ritaya a 1894. Ya rasu a 1898.