Ba barkono ke kawo gyambon ciki ba

An daɗe ana cewa cin yaji ne ke kawo olsa. Ba laifin mai faɗa ba ne, don mai gyambon ciki kan ji zafi in ya ci barkono.

Amma dubi ƙabilun Naga na arewa maso gabashin Indiya. Barkononsu na cikin mafi zafi a duniya, kullum yana cikin miyarsu, har a gargajiyance sukan yi maganin ɓacin ciki da ɗan kaɗan daga cikinsa. Tun shekarun 1980 likitoci suka gano cewa galibi ƙwayar cutar H. pylori ce silar gyambon ciki, sai yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin.

Mai shakka ya je asibiti a gwada bayan gidansa. In an ga ƙwayar, tana da magani. Don Allah a tura wa 'yan uwa.